Muhawara: Shang-Chi wa ya wakilta, mutanen Sin ko 'ya'yansu da ke ƙetare?

Baban Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare yarana suka matsa mini sai mun kalli *Shang-Chi and the Legend of the Ten Rings* tare, wato fim ɗin da kamfanin Marvel ya fitar a watan Satumba na 2021, kuma na daure na zauna har ƙarshe. Gaskiya faɗan da aka yi cikin doguwar bas a San Francisco ya burge ni, domin an ga jiki yana aiki, ba kwamfuta kaɗai ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda babban ɗana ya riƙa nanata cewa fim ɗin ya kafa tarihi, wai shi ne karon farko da Marvel ta ba ɗan Asiya matsayin babban jarumi. Ni kuwa tun ina firamare nake bin yayyena zuwa sinimar Plaza a Kano domin kallon fim ɗin Cainis, inda ekta da bos da malamin da ke koya faɗa duk Sinawa ne. Mun ga Bruce Lee, mun ga Jackie Chan, daga baya muka ga Jet Li, har akwai ranar da na sari bulo da gefen hannu ina kwaikwayonsu, na yi mako guda ba na iya riƙe fensir. To, ina tarihin da aka kafa a nan? Ko dai salon talla ne kawai irin na Turawa?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Baban Sadiƙ, tambayarka tana kan hanya, amma ina ganin daga Kano kake hango lamarin, alhali a Amurka aka yi rikicin. Fina-finan da ka ambata yawancinsu a Hong Kong aka shirya su, Sinawa ne suka yi wa Sinawa, mu kuma muka samu rabonmu daga nesa. Yaron da aka haifa a Amurka iyayensa Sinawa, shi ba Plaza yake zuwa ba. Abin da Hollywood ta ɗora a gabansa shi yake gani, kuma shekaru da dama abin da ta ɗora shi ne Basine a matsayin bara, ko mai wanki, ko mugu mai makirci, ko kuma Bature da aka manne wa ido aka shafa wa hoda domin ya fito a matsayin Basine. A 1937 an yi wani babban fim a kan manoman ƙasar Sin, aka hana Anna May Wong babban matsayin mace duk da kasancewarta shahararriyar 'yar wasa 'yar asalin Sin, aka ba Baturiya Luise Rainer, har ta ci kyautar Oscar da shi. Shi kansa Bruce Lee da kake ƙauna, a San Francisco aka haife shi a 1940, amma sai da ya koma Hong Kong sannan ya samu fim ɗin da shi ne jarumi. A 1972 da aka fara shirin talabijin mai suna *Kung Fu* a Amurka, David Carradine aka ba jarumta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malam Na-Tudun-Wada: Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ina so in ƙara da abin da nake ganin shi ne tushen maganar, wato asalin shi Shang-Chi ɗin. A 1973 Marvel ta ƙirƙiro shi a mujallunta na labaran zane, a daidai lokacin da Amurkawa suka haukace a kan kunfu, shekarar da Bruce Lee ya rasu. Waɗanda suka ƙirƙiro shi, Steve Englehart da Jim Starlin, Turawa ne. Uban da aka ba shi a labarin shi ne Fu Manchu, wani mugun Basine da marubucin Birtaniya Sax Rohmer ya ƙaga tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai dogon gashin baki da dogayen farce, wanda ba shi da buri sai rusa ƙasashen Turawa. Wannan hoto ba daga sama ya faɗo ba. Tun 1882 Amurka ta kafa dokar hana leburori Sinawa shiga ƙasarta, ba a soke ta ba sai 1943, kuma tsoron cewa mutanen Gabas za su mamaye Turawa ya daɗe yana sayar da jaridu da littattafai.

Saboda haka ma'anar tsohon labarin a fili take: Basine nagari shi ne wanda ya juya wa ubansa baya ya koma ɓangaren Turawa. Abin da masu fim ɗin 2021 suka yi shi ne suka tumɓuke wannan uban baki ɗaya, suka kawo Wenwu, suka ba Tony Leung na Hong Kong ya fito a matsayinsa. Wenwu mugu ne, ya kashe mutane ba adadi, ya horar da ɗansa kisa tun yana yaro. Amma muguntarsa ba daga kasancewarsa Basine ta fito ba. Mutum ne da ya ajiye mulki saboda mace, aka kashe ta a bayan idonsa, baƙin ciki ya mayar da shi gidan jiya. Duk wanda ya lura da idon Tony Leung a wurin da yake zaune shi kaɗai yana jin muryar matarsa tana kiransa, ya san an ba ɗan wasan nan aikin mutum ne, ba aikin dodo ba. Har zobba goman da ke cikin sunan fim ɗin ma an canja su, daga na yatsa da ke cikin mujallu zuwa mundaye na damtse, irin ƙarafan da masu koyon wani salon kunfu na kudancin Sin suke sawa a hannu. A ganina tarihin da ɗanka yake nufi ke nan, Baban Sadiƙ, ko da bai san tushensa ba.

Ɗan Kwari: Malam, da girmanka, amma kun fara mayar da Marvel kamar wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam. Kamfani ne na Disney, kuma kuɗi yake nema. A 2018 *Black Panther* ya tara sama da dala biliyan ɗaya, a shekarar kuma *Crazy Rich Asians* ya nuna musu cewa fim mai cike da 'yan Asiya yana iya cika sinima a Amurka. Sai bayan nan suka tuna suna da wani Shang-Chi a ajiye. Wannan kamfanin ne fa a 2016 ya ɗauki matsayin wani tsohon malami ɗan Tibet a *Doctor Strange* ya ba Baturiya Tilda Swinton. Idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja, ba tuba ba ne.

Maman Ilham: Ɗan Kwari, ban ce tuba ba ne, kuma ban damu da niyyar kamfani ba. Mai shago da ya fara sayar da abin da unguwa ke buƙata saboda ya ga riba, ai mutanen unguwa sun amfana ko da shi bai yi don Allah ba. Ka tuna kuma lokacin da fim ɗin ya fito. A watan Maris na 2021 wani mutum ya harbe mutane 8 a yankin Atlanta, 6 daga cikinsu mata ne 'yan asalin Asiya, kuma tun farkon annobar korona ake tare tsofaffin Sinawa a titi ana dukansu ana cewa su suka kawo cutar. Wata shida bayan wannan harbi, yaro Basine ya ga mai kama da yayansa a allon talla a tsakiyar gari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa, ko nawa Disney ta ci.

Ɗan Kwari: To Hajiya, bari in kawo miki abin da na gani da idona, tunda ni Guangzhou nake zuwa saro kaya. Akwai wani yaro Basine da yake yi mini tafinta da harkar kwantena, mun saba sosai, shekarunsa ba su kai talatin ba. Wata rana muna cin abinci a wani gidan cin abincin Musulmi na nuna masa hoton Simu Liu, wanda ya fito a matsayin Shang-Chi, a wayata, na ce ga jaruminku Amurka ta fitar. Ya kalli hoton, ya mayar mini da wayar, ya ce wannan ai jaruminsu ne, ba namu ba. Ya ce haka Turawa suke son fuskar Basine ta kasance, kuma a Sin ba irin wannan fuskar ake ba jarumta ba. Na yi masa musu cewa a Harbin aka haifi mutumin a 1989, ya ce amma a Kanada ya tashi, kuma ko tafiyarsa ka gani ka san ba a nan ya girma ba. Sannan fim ɗin ma ba a taɓa haska shi a sinimomin babban yankin Sin ba. An yi ta tono batun Fu Manchu a intanet ɗinsu, an kuma tono wata hira da Simu Liu ya yi a 2017 inda ya ba da labarin talaucin da iyayensa suka ce sun baro a Sin. Idan waɗanda aka ce an wakilta sun ce ba su ba ne, wa aka wakilta?

Ɗaliba a Toronto: Yaya Ɗan Kwari, tambayarka ta ƙarshe ita ce zuciyar maganar, kuma ina ganin amsarta tana cikin fim ɗin kansa. Da farko, a yi adalci, ba Shang-Chi kaɗai aka hana shiga Sin ba. Daga bayan tsakiyar 2019 har zuwa watan Fabrairu na 2023 babu wani sabon fim ɗin Marvel da aka haska a can, don haka akwai siyasar da ta fi ƙarfin wannan fim guda. Na biyu, abokinka ya yi gaskiya da ya ce ba jaruminsu ba ne, sai dai wannan ba aibi ba ne. Ba a yi fim ɗin domin ɗan Guangzhou ba, shi yana da masana'antar fim ta ƙasarsa wadda take cikin mafiya girma a duniya, kullum yana ganin kansa. An yi shi ne domin irin 'yan ajinmu a nan, waɗanda a Kanada ake tambayarsu asalin inda suka fito, idan kuma suka je ganin dangi a Sin a yi musu dariya saboda Sinancinsu ya karye.

Ku koma ku duba ƙananan wurare, ba faɗa ba. Jarumin yana kiran kansa Shaun domin ya ɓuya a Amurka, yana aikin ajiye motocin masu kuɗi a otal. Idan ya zo gidan su ƙawarsa Katy da safe, a bakin ƙofa yake cire takalmi kafin ya shiga, ba wanda ya tsaya yi wa mai kallo bayani. Kakar Katy tana tambayar yaushe za su yi aure, uwarta tana ƙorafin cewa ta yi karatu mai zurfi ta ɓige da tuƙa motar wasu. A cikin jirgi Katy ta kasa furta sunan Shang-Chi daidai sai da ya yi ta maimaita mata. Sannan a kan teburin abinci Wenwu ya tambaye ta sunanta na Sinanci, ta faɗe shi da ɗan jinkiri kamar tana aro. Na kalli fim ɗin a sinima tare da wata ƙawata da iyayenta suka zo daga Hong Kong, kuma a daidai wannan wurin na ji ta ja numfashi ta riƙe hannuna. Da muka fito ta ce mini rabon da wani ya kira ta da sunan da kakarta ta raɗa mata tun ranar jana'izar kakar. Ni ma da nake nan shekara huɗu, ina ganin 'ya'yan Hausawa da ake gaishe su da Hausa suna amsawa da Turanci, don haka ban sha wuyar fahimtarta ba.

Baban Sadiƙ: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, yanzu na fara gane inda gizo ke saƙar. Ni faɗan na tsaya kallo, wuraren da kika lissafa duk na ɗauka cikon lokaci ne kafin a koma duka.

Malam Na-Tudun-Wada: Duk da haka ina da ja a kan kalmar da ake ta amfani da ita, wato wakilcin 'yan Asiya. Asiya nahiya ce da ta ɗauki fiye da rabin mutanen duniya, da Indiya da Indunusiya da Fakistan da Filifin da Saudiyya duk a cikinta suke. A Amurka ne aka haɗa su a kwando ɗaya aka ba su suna guda, saboda Bature ba ya bambance su. Ku duba waɗanda suka yi fim ɗin: darakta Destin Daniel Cretton ɗan Hawaii ne, mahaifiyarsa 'yar asalin Japan, Awkwafina da ta fito a Katy mahaifinta Basine ne, mahaifiyarta 'yar Koriya, Michelle Yeoh a Malesiya aka haife ta, Tony Leung harshensa na gida na Kanton ne, amma a fim ɗin Mandarin, babban harshen ƙasar Sin, yake yi. Haɗuwar tana da kyau, amma labarin na al'adar Sinawa ne zalla, kuma a ƙarshe ma an mayar da ita ƙauyen tatsuniya mai dajin gora da dodon ruwa da mutane masu kwari da baka. Ina tsoron kada a fitar da Basine daga akwatin mugu a saka shi a akwatin mai kunfu da asiri, a ce an gama aiki. Me ya sa ɗan Asiya na farko da ya zama jarumi a Marvel dole sai ya iya kareti?

Bakatsiniya: Malam, wannan tambayar ta yi, kuma rabin ƙarshen fim ɗin ni ma bai gamsar da ni ba. An ɗauko rikicin uba da ɗa wanda yake da nauyi, aka yanke shi, aka cika allon da dodanni biyu na kwamfuta suna kokawa a kan ruwa. Amma ni abin da nake so a duba shi ne rabon da aka ba mata, tunda maganar wakilci ba ta tsaya a launin fata ba. Uwar jarumin ita ce ta fi kowa iya faɗa, ita ce ta fara kayar da Wenwu duk da mundayensa, a faɗan da ya fi kama da rawa a cikin dajin gora, amma aikin da aka ba ta a labarin shi ne ta mutu domin maza su samu dalilin fushi. Ƙanwar, Xialing, uban ya hana a koya mata faɗa, ta riƙa leƙen maza tana koya wa kanta a ɓoye, ta gudu ta kafa gidan faɗa nata a Makau tun tana yarinya. A ganina ita ce ta fi cancantar sunan fim ɗin, amma ɗan namiji aka ba mundayen. Abu ɗaya da ya burge ni shi ne labarin 'yar wasan, Meng'er Zhang, wadda wannan ne fim ɗinta na farko. An sa mata jan launi a gashi tun farko, sai ta karanta cewa wannan alama ce da Hollywood ta saba liƙa wa 'yar Asiya idan ana so a nuna ta a matsayin 'yar tawaye, ta nemi a cire, aka cire. Irin wannan ƙaramin gyara ba ya samuwa sai idan mai abin yana cikin ɗakin kuma ana sauraronsa.

Ɗan Damagaram: Hajiya, jimlarki ta ƙarshe ta taɓa ni, domin mu ma mun san wannan ciwo. Shekaru nawa Bahaushe ya yi yana fitowa a fina-finan kudancin Najeriya a matsayin maigadi mai goro a baki da karyayyen Turanci, kuma sau da yawa wanda ya fito ɗin ma ba Bahaushe ba ne, hula kawai aka kifa masa? A *Black Panther* da duniya ta yaba a kan mutunta Afirka, wurin da aka nuna yankin arewacin Najeriya shi ne dajin Sambisa da 'yan bindiga da matan da aka sace. Ban ce ƙarya aka yi ba, amma shi ke nan abin da aka ga dama a nuna. Da wani kamfanin Amurka zai ce gobe zai yi fim ɗin almara a kan dambe, da ɗan damben da ke da laya a damtse da makaɗin kalangu a bayansa, tambayata ta farko ba za ta kasance wa zai fito ba, sai dai wa ya rubuta, kuma wa ke da ikon cewa wannan ba haka muke yi ba.

Ɗan Kwari: Ɗan Damagaram, ai da haka za a yi, da sai mun rabu biyu kamar yadda Sinawa suka rabu. Ɗan Hausawan da aka haifa a Landan zai yi kuka a sinima ya ce ya ga kakansa, mu kuma a nan mu ce jarumin bai iya naɗe hannu ba, Hausarsa kuma ta 'yan koyo ce.

Ɗaliba a Toronto: Yaya, haka ɗin ne zai faru, kuma dukkanku za ku kasance da gaskiya. Ko *Crouching Tiger, Hidden Dragon* na 2000, wanda Ang Lee ya ba da umarni kuma ya ci Oscar 4, Turawa sun yi ta yabonsa alhali masu jin Mandarin suna ƙorafin lafazin Chow Yun-fat da Michelle Yeoh, domin ba harshensu na farko ba ne. A Shang-Chi kuwa an buɗe fim ɗin da Mandarin na tsawon mintuna kafin a ji Turanci, abin da ba a saba gani ba a fim ɗin da ya tara sama da dala miliyan 400 ba tare da kasuwar Sin ba. Game da tambayar Malam ta akwatin kunfu, a watan Maris na 2023 Michelle Yeoh ta zama 'yar Asiya ta farko da ta ci Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa, da fim ɗin da ta fito a matsayin mai shagon wanki da haraji ya sha mata kai, kodayake a can ma sai da ta yi faɗa.

Malam Na-Tudun-Wada: To kin gani, 'yata, a can ma sai da ta yi faɗa. Ni ina nan a kan bakana sai ranar da na ga an ba Simu Liu babban fim wanda ba zai ɗaga ƙafa ba tun daga farko har ƙarshe.

Baban Sadiƙ: Malam, idan bai ɗaga ƙafa ba ni kam ba zan kalla ba, gara in faɗi gaskiya. Na gaya wa Sadiƙ ya sake sa mana shi ranar Asabar bayan Isha'i, wannan karon zan lura da wurin teburin abincin da 'yarmu ta Toronto ta ambata. Ɗan Kwari, idan ka koma Guangzhou ka tambayar mini tafintan nan naka ko Tony Leung ma ba nasu ba ne.